Corolla, Camry, Accord ko 406: Wace Tsohuwar Mota Ce Ba Za Ta Cinye Maka Albashi a Kano Ba?

Ƙanena da ke koyarwa a wata sakandare ta wajen Rijiyar Zaki ya same ni bayan la'asar, wayarsa cike da hotunan motoci. Adashin wurin aikinsu ya zagayo kansa, ya sayar da babur ya haɗa, yana neman mota mai ƙofa huɗu da zai riƙa kai yara makaranta, ranar Sallah kuma ya kwashi iyali zuwa Bichi. Ya ce, "Yaya, a cikin waɗannan wacce ce ba ta lalacewa?"

Na ce masa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar da ta shekara goma sha biyar ko ashirin a duniya dole ta nemi gyara, ko da wane tambari ne a goshinta. Abin da ya bambanta su shi ne yadda kowacce ke karɓar kuɗinta. Wata tun ranar ciniki take karɓa, sannan ta ƙyale ka. Wata gutsura take yi wata-wata. Wata kuwa sai ta yi shiru shekara guda, ka saki jiki, rana ɗaya ta kwashe albashin wata uku. Mai albashi da ɗan kasuwa ba irin mota ɗaya ce ta dace da su ba, don ba irin wannan bugun ɗaya suke iya ɗauka ba.

Kafin a taɓa kowace mota, sai an tuna inda za ta zauna. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura digiri 40, ga ka tsaye a cunkoson Kurna ko na Kantin Kwari, iska ba ta shiga lagireto sai wadda fanka ta jawo. Da hunturu ƙura ce ke toshe matatar iska. Da damina ruwa ya kwanta a titi ya ɓoye ramuka, ƙafar mota ta sha duka. Saboda haka abu uku ne ke kashe tsohuwar mota a garin nan: zafin inji, lalacewar ƙafa, da hannun bakaniken da bai santa ba. Da wannan ma'aunin zan auna su.

Corolla ta 2003 zuwa 2008 ita ce wadda ke karɓar kuɗinta tun a bakin dillali. Kuɗin da zai saya maka Accord mai kyan gani da kujerun fata, da ƙyar zai kai ka ga Corolla mai kujerun yadi da fenti ya koɗe. Mutane kan ce tsadar suna ce kawai, amma akwai dalili a cikin injin. Injinta mai lita 1.8, wanda ake kira 1ZZ, sarƙa ce ke haɗa samansa da ƙasansa, ba bel ba, don haka babu zancen canjin taimin bel kowane 'yan shekaru, babu fargabar ya tsinke a hanya. Giyarta mai canja kanta hawa huɗu ce kacal, tsohon tsari marar rikici, tana jure sakaci fiye da yadda ya kamata. Sannan a kasuwar Kofar Ruwa ba sai ka yi dogon bayani ba: ka ce fulogi, ko famfon mai, ko shokozoba na Corolla, yaron shago zai tambaye ka sabo ko na Beljiyam. Duk garejin da ka faɗa, daga Sharaɗa har Hotoro, an taɓa kwance irinta.

Tana da nata aibin. Injin 1ZZ na shekarun farko an san shi da shan baƙin mai saboda ringin fistin, sai daga baya aka gyara tsarin, don haka ta 2005 zuwa sama ta fi kwanciyar hankali ta wannan fuskar. A 2010 kuma Toyota ta kira Corolla ta 2005 zuwa 2008 a Amurka domin gyara, saboda kwamfutar injin, wadda bakanike ke kira burenbos, tana iya sa mota ta mutu tana tafiya. Ƙarama ce, idan manya uku suka zauna baya kowa zai ji kafaɗar ɗan'uwansa, kuma a kan titin Zariya idan ka taka ta sosai za ka ji ƙarar hanya ta cika ciki. Wadda ta biyo bayanta, ta 2009 zuwa 2013, sitiyarinta na lantarki ne, an huta da famfon sitiyari da yoyonsa, sai dai a sa ido a kan famfon ruwa. Wani abin da ba a faɗa sosai: saurin sayuwarta yana jan hankalin ɓarayi ma, don haka a lissafa kuɗin makullin tsaro a cikin farashinta.

Camry gida ɗaya suka fito, amma kada sunan Toyota ya sa ka rufe ido, don Camry iri-iri ce kuma halinsu ba ɗaya ba. Wadda ake kira Pencil, ta ƙarshen shekarun 1990, injinta mai lita 2.2 jikinsa ƙarfe ne, bel yake amfani da shi, amma ko bel ɗin ya tsinke bawul ba ya karo da fistin; mota za ta tsaya kawai, a sa sabo a ci gaba. Matsalarta tsufa: samun wadda ba a yi kabu-kabu da ita ba ya yi wuya. Big Daddy ta 2002 zuwa 2006 tana da faɗi da laushi, injin lita 2.4 mai sarƙa, sai dai jikin injin alminiyam ne, kuma idan ya taɓa tafasa sosai zaren da ke riƙe da kusoshin saman injin yakan zame. Daga nan ruwa ya fara tsiyaya ta bayan inji, a canja gaskit, bayan wata biyu a dawo gidan jiya, domin ba gaskit ne ya mutu ba, ramin kusar ne. Gyaran gaskiya sai an sake dasa zare a ramin, kuma ba kowane gareji ke yinsa da kyau ba.

Muscle ta 2007 zuwa 2011 ita ce matasa ke so, kuma a nan ne shekara ɗaya ke raba riba da asara. Ta 2007 zuwa 2009 mai lita 2.4 an san ta da shan baƙin mai, har kamfanin ya amince da matsalar ya tsawaita garanti a Amurka. Ta 2010 da 2011 an sauya mata inji zuwa lita 2.5, wanda ya fi wancan lafiya. Dillali ba zai bambance maka ba, duk Muscle zai ce. Kai ne za ka buɗe bonet ka duba. Allon gabanta kuma rana na narkar da shi ya riƙa danƙo yana ƙyalli, abin da a ranar Kano ba ƙaramin ciwon ido ba ne.

Sai Honda, wadda Kanawa suka daɗe da ƙauna tun zamanin tsofaffin Accord da ake kira Halla da Bulldog da Hennessy. Accord ta 2003 zuwa 2005 ita ce EOD, ta 2006 da 2007 ita ce DC, kuma a gaskiya idan daɗin tuƙi ake magana ta fi Camry nesa ba kusa ba. Injinta mai silinda huɗu, K24, lita 2.4 mai sarƙa, yana cikin injina mafi ƙarko da aka taɓa sa wa motar talaka. Ga shi ta fi Corolla araha. To me ya sa?

Ƙafa. Duk wanda ya daɗe a garin nan ya taɓa ganin Accord a tsakiyar titi, tayar gaba ta karye ta kwanta ciki kamar raƙumi ya durƙusa. Ba tsautsayi ne kawai ba, tsarin ƙafar ne. A Corolla da Camry nauyin gaban mota yana sauka ta kan shokozoba kai tsaye zuwa inda taya take, boljoyin aikinsa kawai ya riƙe taya kada ta kauce. A Accord kuwa hannaye biyu ne, sama da ƙasa, kuma shokozoba a kan hannun ƙasa yake zaune, don haka nauyin motar ta cikin boljoyin ɗin ƙasa yake bi. Wannan tsarin ne ke ba ta kama hanya a kwana. Amma idan robar boljoyin ta yage, ƙura da ruwan damina suka shiga suka cinye giris, ranar da ya gaji ba gargaɗi mai yawa yake bayarwa ba, fita yake yi gaba ɗaya. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne jabun kaya: a sa na araha, bayan wata huɗu ya sake fita, sai a ce Honda ce. Mai Accord da ya san abin da yake yi yakan sa a ɗaga motar a girgiza tayoyin gaba duk lokacin juye, ya sayi boljoyin na asali ko da ya ninka kuɗi, kuma ba ya jiran sai ya ji ƙara. Irin wannan mutumin yakan shekara biyar bai durƙusa a titi ba.

Abu na biyu giya ce. Mai silinda shida ta 2003 da farkon 2004 tana da raunin da ya sa Honda ta kira su a 2004 saboda giya ta biyu na yin zafi. Hennessy ta 1998 zuwa 2002 ma giyarta mai canja kanta ba abin dogaro ba ce. Ko mai silinda huɗun, wadda giyarta ta fi ƙwari, ba ta yafe man giya na kowa-da-kowa. Nata take so, DW-1 ko wanda ya gabace shi, Z1. Man sitiyarinta ma nata ne daban. Jan man da ake ɗura mata daga galan marar suna yana iya kashe giyar Honda. Mai silinda shida kuma bel take amfani da shi, idan ya tsinke bawul sun lanƙwashe. Ni dai ga mai albashi ban ga dalilin sayen ta ba, ko da dillali ya rantse cewa ba ta shan mai.

Peugeot 406 labarinta daban ne, don ita kusan 'yar gida ce. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci tun 1975, har aka zo kan 406, shi ya sa Arewa ke da tsofaffin bakanike da suka tashi a kan Fijo kaɗai. Idan tafiyarka ta dogon zango ce, Kano zuwa Maiduguri ko Sakkwato, babu wadda ta kai ta zama a kan hanya cikin waɗannan, kuma tana haɗiye rami ba tare da ta tashi mai barci ba. Tankinta lita 70. Sayenta ya fi na sauran sauƙi.

Ita ce mai gutsura. Yau na'urar kunna fanka, gobe abin kunna fitila da sigina, jibi gilashin ƙofa ya ƙi sauka. Waɗanda aka yi daga baya suna da wata kwamfuta da ake kira BSI wadda ke kula da fitilu, makulli da sauran kayan wuta, kuma ba ta ƙaunar mai wayarin da ke gwada waya da tartsatsi. Sau ɗaya zai yi mata haɗin gambiza, ka shiga sintiri. Injinta bel ne, kuma na masu karo ne: ya tsinke, an tafi sayen bawul ko saman inji. Ni shawarata kada a wuce kilomita 60,000 ba a canja ba, tare da famfon ruwa da abin ɗaure bel ɗin, kuma ranar da ka saye ta ka ɗauka ba a taɓa canjawa ba. Hanyar ruwanta ma tana da ƙa'ida: bayan an zuba ruwa sai an buɗe ƙananan kusoshin fitar da iska, in ba haka ba iska ta maƙale, allura ta hau. Bakaniken Toyota bai saba da wannan ba. Don haka sharaɗin 406 biyu ne: ta zama mai giyar hannu, domin giyarta mai canja kanta, AL4, ta sha ba mutane kuka, sannan ka riga ka san mai gyaranta tun kafin ka biya kuɗi. Wanda ya cika sharuɗan nan yakan rantse da ita. Wanda bai cika ba yakan sayar cikin shekara.

Marsandi C-Class ta 2000 zuwa 2007 ba zan daɗe a kanta ba. Takan zo da araha mai ruɗi, injinta mai silinda shida na C240 da C320 yana da ƙarko, amma ita ce mai shiru shekara guda. Ranar da makullinta na lantarki ya ƙi, ko sarƙar injin M271 ta saki, ko allon wutar giya ya mutu, kuɗin ba na adashi ba ne. Ta dace da wanda ke da wata motar a gida.

Yanzu mai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024, fetur ya zama babban gyaran da ake biya kullum ba tare da an je gareji ba. A ɗauka kana yin kilomita 800 a wata a cikin gari. Lafiyayyar Corolla, an kunna na'urar sanyi, a ƙiyasi takan ba ka wajen kilomita 10 a lita, wato lita 80. Camry ko Accord mai lita 2.4 wajen kilomita 8, wato lita 100. Bambancin lita 20 ne a wata, 240 a shekara. Ninka wannan da farashin gidan man unguwarku, ka ninka da shekara huɗu, za ka ga wani kaso mai kauri na rarar da ka samu ranar sayen Accord ya koma tanki. Wannan lissafin ne ya sa ƙanena ya yi shiru.

Amma duk abin da na faɗa a sama yana iya rushewa a kan mota ɗaya, domin ba Corolla ake saye ba, wata Corolla guda ake saye mai nata tarihin. Har yanzu muna cewa 'yar Kwatano, ko da yake a ranar 1 ga Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka takardun kwastan su ne farkon abin dubawa, kafin inji. Wadda aka shigo da ita kai tsaye takan fi wadda aka yi amfani da ita a gida tsada, kuma sau da yawa ta cancanta, sai dai da yawansu daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka suke, wasu hatsari, wasu ambaliya. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba, ita ce za ta tona asiri idan aka bincika ta a intanet: hotunan ranar gwanjo, da adadin tafiyar da ta yi kafin a mayar da agogon baya. Ka tuna kuma agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa. 150,000 a can kilomita 240,000 ne. Ta wannan lambar ne kuma za ka gane ko an canja jakar iska mai lahani ta kamfanin Takata, wadda matsalarta ta shafi Corolla da Accord na waɗannan shekarun, kuma zafi na ƙara mata haɗari.

Wadda aka yi amfani da ita a gida kuwa, tambayata ta farko ita ce tamostat, abin da ke daidaita zafin inji. Na taɓa kai wata motata wani gareji saboda allura na ɗan hawa, kafin in dawo daga masallaci an cire shi an jefar, an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayar da mota. Bakaniken ya ce, "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, nan ba ma buƙatarsa." Na yarda, don ban sani ba. Ashe lagireto ne ya toshe da tsatsar ruwan rijiya. Injin ya koma aiki a sanyaye, kwamfuta na ta ƙara masa mai kamar yanzu aka tayar da shi da asuba, shan mai ya ƙaru, fulogi suka yi baƙi, ainihin ciwon kuma yana nan. An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90, tamostat ne ke tsare masa wannan. Duk motar da ka tarar an yi mata haka, ka yi zargin ta taɓa tafasa, kuma a kan Big Daddy wannan kaɗai ya isa ka juya. Haka idan ka leƙa ƙasa ka ga an fasa salansa an kwashe abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi, a rage maka kuɗinsa.

Ranar gwaji ka je da sassafe, kafin a ɗuma injin, ka sa hannu ka tabbatar da sanyinsa. Ka tsaya a baya a tayar: shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne. Ka kunna makulli ka ga fitilar gargaɗin inji ta kama sannan ta mutu, don akwai masu cire ƙwan. A jona kwamfutar duba lafiyar mota. A hau titi har giya ta zagaye duka, a tsaya an kunna na'urar sanyi minti goma sha biyar ana kallon allura. Kuma bakanikenka za ka kai, ba wanda dillali ya nuna ba, domin la'ada tana da dogon hannu.

Abin da na gaya wa ƙanena shi ne: tunda motar ita kaɗai ce, albashi kuma sau ɗaya yake zuwa a wata, ya nemi Corolla ta 2005 zuwa 2008, ko da fentin ya sha rana. In kuɗin bai kai ba, DC ko EOD mai silinda huɗu, da sharaɗin a sabunta ƙafar gaba da kaya na asali a makon farko, a juye man giya da nata. Da a ce shi ɗan kasuwa ne mai zirga-zirgar Dawanau da garuruwa, da 406 mai giyar hannu zan ce. Camry kuwa sai in iyalin sun yi wa Corolla yawa, kuma ta 2010 ko 2011. A kowanne hali kada ya zuba duk abin da ke hannunsa a ciniki. Ya rage aƙalla kashi ɗaya cikin goma, domin taya, batir, juye, birki da takardu suna jiran sa a ƙofa.

Mako biyu muna yawo. Mun bar wata mai sheƙi kamar amarya saboda lambarta ta nuna hotonta a cikin ruwa har gilashi. Wadda ya ɗauka daga ƙarshe Corolla ce ta 2006, ruwan toka, rufinta ya koɗe, murfin taya ɗaya babu. Bakanikenmu ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito yana goge hannu ya ce, "Malam, bushin biyu ne da shokozoba na baya, sai kuma tamostat, an cire." Ƙanena ya dube ni. Allurar ba ta motsa ba a gwaji, ruwan lagireto babu mai a cikinsa, don haka muka sa aka rage kuɗin kayan daga farashi, muka biya, muka wuce Kofar Ruwa kafin a rufe shaguna.